Littafin aiki: tono bututun ruwa a bakin kwari ba tare da an kashe famfo ba

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Yau aka miƙa mana wurin. Layin ƙarfe ne mai faɗin inci 16, wato milimita 406, yana ɗaukar ruwa daga tashar famfo zuwa wani tanki da ke kan tudu a gefen garin Gombe, daga can kuma unguwanni da dama ke sha. A daminar bara ruwa ya ci gefen kwari har ya iso inda bututun ya ratsa, ya rarake ƙarƙashinsa, ya bar ƙasar sama a zaune, saiwoyin wani dogon yaro suna riƙe da ita. In ka sauka cikin kwarin ka ɗaga kai, za ka hangi ƙarƙashin bututun baƙi ƙirin da kwalta, ba abin da ke tallafe da shi. In ka tsaya a sama kuwa ba za ka ga komai ba, har akwai sawun babur a kai.

Abin da aka ɗora mana shi ne mu tone shi, mu duba lafiyarsa, mu gyara, mu mayar da ƙasa, mu ɗaure bakin kwarin kafin ruwan fari. Sharaɗi ɗaya aka kafa: ruwa ba zai tsaya ba. Ban ga laifin sharaɗin ba. Ruwan garin nan daga Dadin Kowa ake turo shi, daga madatsar da ke kan kogin Gongola, kuma kowa ya san abin da ke faruwa ranar da famfo ya ɗauke. Kafin azahar kuɗin jarka ya tashi a wajen 'yan ga-ruwa, yara 'yan makaranta su koma bin layin burtsatse. Ga azumi saura wata guda. Saboda haka da ruwa a ciki za mu yi aikin, da matsinsa da nauyinsa.

Na sa an kewaye wurin da igiya da jan ƙyalle, an tare hanyar babura.

Laraba, 29 ga Janairu

Tsoffin takardun layin sun ce ƙarfen na aji B ne, kaurin bangonsa milimita 6.4, an haɗa shi da walda. Ƙarfen wannan aji yakan fara miƙewar da ba ya komawa idan jan da ke jikinsa ya kai megafaskal 241 (megafaskal ma'auni ne na ƙarfin ja ko matsi). Masu bututun mai, bisa ƙa'idar ASME B31.4, ba sa barin jan da matsi ke yi wa kewayen bututu ya wuce kashi 72 cikin 100 na wannan adadi. Masu ruwa sun saba tsayawa a rabi. Na ɗauki rabin, 120, na mai da shi iyakarmu a kowace fuska, domin ba wanda ya ga waldar layin nan tun ranar da aka binne shi.

Gejin matsi da ke kusa da mu yana nuna ba 14 idan injuna biyu na aiki ("ba" ma'aunin matsin ruwa ne, ba 14 daidai yake da megafaskal 1.4). Jan kewaye shi ne matsi sau faɗi, a raba da kauri sau biyu, ya ba da kusan megafaskal 44. Wannan bai dame ni ba. Matsin yana kuma jan bututun ta tsawonsa, na lissafa rabin wancan, 22. Abin da ya hana ni sukuni shi ne lanƙwasa.

Da ido, ramin da ke ƙarƙashin bututun mita 5 ne. Heluma, dattijo wanda ya daɗe a aikin gini da na magudana, ya ce: "Injiniya, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan bai wuce taku bakwai ba." Na ce: "Baba, gaskiyarka a kan abin da ake gani. Mu tambayi wanda ba a gani." Muka ɗauki rodi muka riƙa soka shi a gefe da gefe. Mita ɗaya da rabi a kowane ɓangare rodin yana shigewa ba tare da an danna ba. Ƙasar da rodi ke shiga haka ba ta ɗauke da komai. Ashe tazarar gaskiya mita 8 ce.

Kowace mita ta bututun, ƙarfe zalla, kilo 63 ce. Ruwan cikinta kilo 122. Jimla 185. Amma ƙasar da ke kansa zurfinta mita ɗaya da rabi ne, kuma ko wadda ke daidai faɗin bututun kaɗai aka auna, ta kai kilo 1,100 a kowace mita, kusan ninki shida na bututun da ruwansa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san ba nauyin kanta ke karya azara ba, taɓon da aka lafta mata ne da nisan bangon da ta hau. Da na haɗa, jan lanƙwasa ya zo 128. A ƙara 22, ya zama 150. Lissafin ya ɗauki cewa bakunan biyu a sake suke, alhali ƙasa tana ɗan riƙe su, don haka na gaskiya zai yi ƙasa da haka. Duk da haka, tun kafin mu sa shebur ɗaya, bututun ya riga ya haye iyakar da muka sa masa, kuma haka ya kwana tun watan Satumba.

Ba wanda zai shiga ƙarƙashinsa. Na faɗa wa kowa a gaban kowa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Zama da mai kula da tashar famfo. A aikin mai da iskar gas, al'adar ita ce a sauke matsi zuwa kashi 80 cikin 100 na mafi girman da layin ya gani a kwanakin baya kafin a tono wurin da ake zargi. Hikimar a fili take: abin da bai fashe a 14 ba jiya, da wuya ya fashe a 11 yau. A layin da ke hawa tudu ba ka da 'yancin sauke matsi yadda kake so, domin kowace mita 10 ta tsayin ruwa ba ɗaya ce, kuma tankin ya ɗara mu tsayi da wajen mita 95. Ko an kashe injuna duka, ba 9 da ɗoriya na nan zaune. Muka gwada inji ɗaya, geji ya tsaya a 11. Ya yi daidai.

Ya yarda da inji ɗaya daga safe zuwa magariba, da dare a kunna biyu a cika tanki lokacin da ba kowa a rami. Ya kuma yi alkawarin ba zai kunna ko kashe inji ko juya bawul ba sai ya kira ni.

Da la'asar muka je gaida Jauro, mai unguwar wurin. Na ce: "Ranka ya daɗe, ruwa zai ɗan rage ƙarfi da rana, amma ba zai ɗauke ba. Abin da muke roƙo shi ne yara." Ya ce zai sa a yi shela a masallatai, ya kuma ba mu matasa biyu su yi gadi. Ya ce a lokacin ƙuruciyarsa ana tsallake wannan kwarin da ƙafa. Na yarda. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 garin ke faɗaɗa, kowane sabon rufin kwano da kowace kwalta na tura ruwa gangare, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin sakin jiki. Ruwan da dā yake nutsewa a gonaki yanzu a guje yake isowa nan.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ɗan kwangila ya iso da eskabeta a kan babbar mota, yana so ta kwashe ƙasar sama a wuni ɗaya. Ya ce: "Injiniya, kuɗin hayarta kullum ake biya, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba." Na fahimce shi, ba mugunta ba ce, aljihunsa ne ke ciwo. Amma injin da ya kai tan 20 ba zai tsaya a bakin ramin da aka rarake ba, kuma haƙorin bokitinsa ba ya bambance dutse da ƙarfe. Muka daidaita a kan cewa za ta tsaya nesa, a kan ƙasa mai tauri, ta yi gyaran gangaren kwari da ɗaga kaya. Idan an zo tono sassan da ke da ƙasa a ƙarƙashi, za a sa mata bokiti marar haƙori, ta ja ƙasa ta bin tsawon layin ba ta gicciye ba, ta tsaya mita ɗaya kafin bututu. Saura aikin hannu ne.

Da ita muka shimfiɗa manyan ƙarafa biyu masu tsawon mita 12 a gefe da gefe na layin, bakunansu a kan ƙasa mai ƙarfi, muka jera katako a kai. A kan katakon leburori ke tsayawa, kowa da igiya a ƙugu. An fara da ƙananan ramuka uku har zuwa bayan bututun, aka yi alama da fenti, mai safiyo ya ɗauki tsayin kowace alama. Sannan aka fara kwasar ƙasa daga tsakiya ana yin gefe, tunda nauyin tsakiya ne ya fi lanƙwasa shi. Shebur da kwanon sarki. Diga ba ta kusantar ƙarfe.

Dogon yaron ma an so a ɗaura masa sarƙa a fizge. Na hana. Saiwoyinsa sun naɗe bututun, wanda ya ja bishiyar ya ja layin. Aka sare rassan, aka bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da zarto.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An gama sauke ƙasar sama a kan mita 8 ɗin. Alamar tsakiya ta ɗago da milimita 9. Na kira heluma na nuna masa lambobin a littafin mai safiyo, ya dubi bututun ya ce: "Ashe numfashi yake nema." Jan lanƙwasa ya sauko daga 128 zuwa 18. Tunda ya ɗago da kansa, alama ce mai kyau cewa bai kai ga miƙewar da ba ta komawa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kafin kowa ya sauka, mun rataye bututun daga sama. An gitta gajerun ƙarafa a kan manyan biyun, aka zagayo da bel masu faɗi, ba sarƙa ba don kada ta ci kwaltar, aka ɗame su da cen-bulok. Na tsaya a kan mai jan sarƙar da kaina. Umarnin shi ne ya ɗame har bel ya daina lilo, ya tsaya. Mai safiyo na kallon alama, in ta motsa milimita 2 ya ɗaga hannu. Akwai kwaɗayin a ce a ɗaga shi ya miƙe sarai kamar sabo. Ba za mu yi ba. Bututun da ya daɗe yana kwance a wani yanayi, bakunansa na danne a ƙasa, in ka tilasta masa tashi ka mayar da jan zuwa inda ba ka auna ba. Ɗaga layi ko sauke shi yana aiki wani fanni ne mai lissafinsa, akwai takardar API RP 1117 a kansa, kuma ba shi aka ba mu ba.

Bayan ya rataya aka sauka, aka daddale gindin ramin, aka jera katako gicciye a kan gicciye har kusa da cikinsa, aka ƙarasa da buhunan yashi don ya kwanta a kan abu mai laushi da faɗi.

A nan muka yi doguwar muhawara da ɗan kwangila. Za mu tone mita 22 gaba ɗaya don mu kai inda kwalta ke da lafiya a ɓangarorin biyu. Na ce ba za a bar fiye da mita 6 ba tallafi ba a kowane lokaci. Ya karɓi takardata ya duba, mutum ne mai kai, ya ce: "To ai lissafinka ya ce zai kai mita 16." Haka ne. Daga 120, cire 22 na matsi, cire 24 da na ware wa zafi, saura 74, kuma bututun da ba ƙasa a kansa sai a mita 16 yake kaiwa 74. Amma wannan lambar ta bututun takarda ce, mai kauri 6.4 ko'ina, mai walda marar aibi. Namu ba mu gan shi ba tukuna. Sannan jan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazara. In tazara ta ninka biyu, ja ya ninka huɗu, lotsawa kuma ta ninka 16. A mita 6 jan 10 ne, a mita 12 ya zama 41, a mita 24 ya kai 165. Idan kana mita 16 sai bango ya zube ya tafi da tallafi ɗaya, ko ƙasa ta rufto a kan bututun, ba ka da sauran wurin ja da baya. A mita 6, ko tallafi ɗaya ya faɗi, muna cikin iyaka da rata mai yawa. Kuɗin katako da buhu ne kawai bambancin.

Ya ce zai kawo ƙarin katako ran Litinin.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wani yaro lebura, yana share ƙasa da hannu a ɓangaren yamma, ya ɗago ya ce: "Oga, zo ka ga wani abu." A gefen bututun, ƙasa-ƙasa, wani ɗan guntun ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa, an liƙa shi da walda mai kumburi, an ɗaura masa baƙin tiyo da robar tayar keke. Tiyon ya bi ƙarƙashin ƙasa ya nufi wajen gidaje. Babu shi a kowace takarda. Tsatsa ta cinye wuyansa, ruwa na tsattsafowa, ƙasar wurin ta yi laushi har da ƴan ciyayi kore a tsakiyar rani.

Na kira direban eskabeta ya gani da idonsa. Bai ce komai ba, ya daɗe yana kallo. Da bokiti ya bi ta nan, da ya fille shi, kuma ruwa mai ba 11 ta rami kamar wannan yana iya yanke bangon rairayi cikin mintuna, da mutane a ciki. Ina kuma zaton wannan ɗigon na shekaru ne ya fara jiƙa ƙasar da ruwan sama ya zo ya kwashe.

Na sanar da masu layin. Ban nemi sanin wanda ya ja ba, wannan tsakaninsu ne da unguwa. Abin da na roƙa shi ne, in za a toshe, a samar wa gidajen hanyar ruwa ta halal, in ba haka ba wata rana za a sake huda shi a wani wuri da dare. Yau mun kewaye guntun da akwatin katako don kada ƙafa ta taɓa shi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Hazo, ba a ganin ɗaya gefen kwarin. Rabin wuni. An karanta alamomi, ba motsi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An buɗe mita 22 ɗin duka, tallafi huɗu a ƙarƙashi. An kankare tsohuwar kwalta da hannu da burushin waya. A sama da gefe ƙarfen fes yake, na'urar auna kauri ta sauti tana ba da 6.2 zuwa 6.4. A ƙarƙashi ne labari ya sauya. Kusa da waldar da ta faɗo kusan tsakiyar tsohon ramin, inda saiwa ta ɓare kwalta, akwai tabon tsatsa mai tsawon kamu ɗaya. Sai da na kwanta rigingine da tocila da madubi. Kaurin wurin 4.8 ne, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kuma akwai wani ɗan gurbi kamar ƙwayar gero da ya sauka 3.6.

Ƙa'idar ASME B31G, wadda ake auna tsatsa da ita, ba ta yarda a bar gurbin da ya ci fiye da kashi 80 cikin 100 na kauri ba. Namu bai kai rabi ba. A kauri 4.8, jan kewaye a ba 14 ya zama 59, har yanzu ƙasa da iyaka. In matsi kaɗai ake dubawa, sai a shafa sabon rufi a binne. Amma wannan tabon yana jikin bututu ne ta ƙasa, a tsakiyar tazara, daidai inda lanƙwasa ke buɗe ƙarfe, kuma a jikin walda. A nan ne duk nauyin nan na wata biyar ya taru. Na sa an ƙara tallafi a kowane gefen waldar, rabin mita daga gare ta, ba a ƙarƙashinta ba, na kuma nemi a kawo maɗauri mai ɓari biyu.

Ɗan kwangila ya leƙa da madubin, ya miƙo mini, bai sake tayar da maganar mita 16 ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna, wuta ta ɗauke a tasha, inji ya tsaya farat ɗaya. Ina tsaye kusa da gejin da muka ɗaura. Allura ta faɗo 4, ta yi tsalle ta kai 17, ta riƙa kai da komo tana raguwa. Bututun ya yi wata ƙara mai zurfi, bel suka girgiza, ƙura ta tashi daga buhunan. Mutum biyar na cikin rami. An busa usur, suka fito ta tsani biyu kamar yadda muka gwada, ba wanda ya taka bututun.

Ruwan da ke gudu in aka tsayar da shi kwatsam sai ya bugi bangon. A bututun ƙarfe, kowace mita ɗaya cikin daƙiƙa da aka katse tana iya kawo ba 10 zuwa 12. A binne, ƙasa ke shanye girgizar. A buɗe, tallafi ne kaɗai. Wannan shi ne amfanin inji ɗaya: gudun ruwan ya ragu, bugun ma ya ragu. Mai kula da famfo ya kira, murya na rawa: "Injiniya, wallahi ba ni ba ne. Kowa lafiya?" Na ce lafiya, kada ya kunna sai mun duba.

Alamomi ba su motsa ba, sai tallafi na uku da ya saki da kaurin yatsa, aka cusa masa ƙarin buhu. Daga yau duk tallafi an yi masa turaku a gefe don hana bututun zamewa, kuma da rana injin zai koma kan janareta.

Talata, 25 ga Fabrairu

Hunturu na janyewa, rana ta fara cizo. Ƙarfen da bakunansa ke danne ba ya samun wurin miƙewa, saboda haka kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru ko ya ragu yana zama matsewa ko ja na megafaskal 2.4 a jikinsa. Muddin ruwa na gudu, shi ke riƙe da zafin ƙarfen, bambancin ba ya wuce digiri 10 da na ware. Damuwar ita ce ranar da ruwa ya tsaya cak a ciki da tsakar rana, ƙarfe tsirara. An kafa rumfar zana a kan duk tsawon. Leburori sun fi kowa murna.

Bangon arewa ya yi tsaga mai tsawon hannu, wajen rabin mita daga baki. Na fitar da kowa, eskabeta ta kwantar da gangaren daga nesa, aka matsar da tulin ƙasa baya da mita biyu. Ramin ya haura mita 3 a nan. Ƙasa mai mita ɗaya ta kowace fuska ta fi tan ɗaya da rabi, wanda ta danne wa ƙirji ba ya jiran a nemo shebur. Da safe rairayin nan yana tsayawa kamar bango saboda ɗan danshi, da rana ta busar da shi sai ya saki ba sallama.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi. Mun mayar da aiki daga bayan asuba zuwa sha biyu.

Mai walda ya ba da shawarar ya ɗora faci ya zagaye shi, ya ce aikin awa ɗaya ne. Hannunsa na da kyau, na ga aikinsa. Amma walda a kan layi mai matsi tana da haɗari biyu. Inda bango ya sirance ƙasa da milimita 6, wutar na iya huda shi. Ruwan da ke gudu a ciki kuma yana sanyaya waldar da sauri fiye da kima, ta yi tauri, daga baya ta tsage. Na ce: "Malam, ba hannunka nake shakka ba, wurin nake shakka."

An ɗora maɗaurin, ɓari biyu masu shimfiɗar roba a ciki, tsawonsa ya rufe tabon da waldar ya wuce su ta kowane gefe. An ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, da sifana mai ma'auni. Guntun nan na sata ma an yanke tiyonsa, an toshe, an rufe shi da ƙaramin maɗauri. Masu layin sun ce za su ja wa gidajen reshe daga layin rabawa. Maɗauri yana tare yoyo yana kuma taimakon bango, amma ba a dogara da shi wajen ɗaukar lanƙwasa. Wannan aikin abin da za mu zuba a ƙarƙashi ne.

Asabar, 8 ga Maris

Sabon rufi: share fage, man liƙi, naɗi biyu kowane zagaye na hawa rabin na baya. Inda tallafi ya tare, sai an kafa sabo a gefe kafin a cire tsohon. An bi shi da na'urar tartsatsi mai gano huda a rufi, ta kama huda uku, duka a ƙarƙashi inda hannu ke wahalar kaiwa. An gyara, an sake bi.

Laraba, 12 ga Maris

Mayar da ƙasa. Mutane sun gaji, ga ƙishirwa, kowa na ganin an gama. A wurina nan ne aikin ya koma inda ya fara. In aka zuba ƙasa a sama alhali ta ƙarƙashi ba ta daddalu ba, mun mayar wa bututun kilo 1,100 a kowace mita a kan rami, sai dai wannan karon ramin ba ya ganuwa. Layuka da yawa ba a lokacin tono suke lalacewa ba, sai damina ɗaya ko biyu bayan an rufe, ƙasar da aka tura da bokiti ta zauna ta bar su a rataye.

Daga gindin rami zuwa kusa da cikin bututun, tsakuwa da jar ƙasa, shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ba ta wuce santimita 15 ba, a yayyafa ruwa a bi da injin daddala. Tazarar ƙarshe, inda inji ba ya shiga, mun kwaɓa yashi da ɗan siminti ruwa-ruwa, muka zuba ta gefe ɗaya har ya ɓullo ta ɗaya gefen, don mu tabbata ba iska a ƙarƙashi. Katakon tallafi duk ana cire shi ɗaya bayan ɗaya yayin da cikon ya kama, domin katako in an binne shi gara ta ci, ya bar rami, kafin nan kuma ya zama tauri guda da bututun zai karye a kansa. Bel ɗin sama ne na ƙarshen saki.

Direban tifa ya so ya juye yashi kai tsaye cikin ramin. Heluma ne ya tare shi kafin in iso: "Ɗana, juye a can. Mu da kwano za mu kai."

Talata, 18 ga Maris

An saki bel jiya, alamar tsakiya ta sauka milimita 1. An rufe da yashi mai laushi har santimita 30 a kan bututun, da hannu, sannan sauran ƙasar. Mun bar sanduna uku a cikin bututun roba, gindinsu a kan bayan layin, don a ci gaba da auna shi daga sama. Da ƙasa ta cika, jimlar saukar ta tsaya a milimita 2.

Yau aka kunna inji na biyu da rana, ana buɗe bawul a hankali. Ba 12, aka jira rabin awa. Ba 13, aka jira. Ba 14. Ramin dubawa da muka bari a kan maɗaurin a bushe yake. An shaida wa Jauro cewa ruwa ya koma ƙarfinsa.

Litinin, 24 ga Maris

Bututun ya koma ƙasa, amma kwarin na nan. An fara jera kejin waya cike da duwatsu a gindin gangare, hawa uku, da zanen tace ƙasa a bayansu don ruwa ya wuce rairayi ya tsaya. Hawa na farko an nutsar da shi ƙasa da gindin kwarin, in ba haka ba ruwan Agusta zai rarake shi kamar yadda ya yi wa layin. A sama ana gina magudana da za ta karɓi ruwan unguwa ta sauke shi nesa da inda bututun ya ratsa. Jema za a dasa layi-layi a kan gangaren, amma sai ruwa ya sauka, yanzu ba za ta kama ba. Bishiya kam ba za a sake dasawa a kan layin ba.

Masu tifa na ɗibar yashi wajen mita 200 a ƙasa da mu. Duk abin da suka kwashe, gindin kwarin zai zurfafa ya biyo baya har ya iso kejinmu. Na rubuta wa masu layin, na kuma kai maganar gaban Jauro, ya ce zai tara su bayan salla. Akwai wani mashigin kwari a gaba, kusan rabin kilomita, inda rodi ya shige mini da sauƙi ranar Asabar. Na sa shi a rahoto, na nemi a tare hanyar motoci a kai tun yanzu.

Za a karanta sandunan nan uku kowane mako har ruwan fari, sannan bayan kowane babban ruwa har ƙarshen Satumba. In wata ta sauka fiye da milimita 5, a koma inji ɗaya a kira mu. Duwatsu tifa huɗu suka rage a kawo, an ce jibi.